Sikanin ciki: ƙarya yake yi, ko mu ne ba mu san abin da yake aunawa ba?

Ranar wani suna a Ƙofar Marusa, Katsina, bayan baƙi sun watse an bar 'yan gida da tulin kwanuka, Goggona ta ɗauko zancen da ya daɗe yana yawo a bakin mutane. An yi wa mai jegon sikanin, an rubuta mata ranar haihuwa a takarda, ranar ta zo ta wuce, sai da aka ƙara kwana 16 sannan naƙuda ta kama ta.

"To ku 'yan boko ku gaya mani," in ji Goggo. "In dai na'urar nan gani take har cikin ciki, yaya aka yi ta ɓata lissafi da sati biyu da ɗoriya? Mu da wata muke ƙirga a da, kuma ba mu cika kucewa haka ba."

Ba ita kaɗai ke wannan tambaya ba. Akwai wanda aka ce masa namiji ne, ya sayo kaya, aka haifi mace. Akwai saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa sikanin yana dafa ɗan tayi. A ɗaya gefen kuma ga matan da kusan duk wata sai sun je an duba su, ba don wani ciwo ba. Duka ɓangarorin sun ɗauka na'urar wata irin kyamara ce da ke leƙa cikin mutum. Daga nan kuskuren ya faro.

Ba ido ba ce, kunne ce

Babu haske a cikin ciki, babu kuma kyamarar da ke shiga. Da sauti na'urar take aiki.

Sauti girgiza ce. Ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka yi magana, ko ka taɓa fatar kalangu ana kaɗawa, za ka ji ta. Masana suna ƙirga sau nawa abu ke kaɗawa a sakan ɗaya. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin abin da ke tsakanin kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan. Abin da ya haura haka ba ma jin sa, amma jemage yana ji, da shi ma yake gane hanya cikin duhu. Sikanin ciki yana amfani da kaɗawa wajen miliyan 3 zuwa miliyan 5 a sakan.

Wanda ya taɓa leƙa rijiya ya yi magana, ko Kusugu ta Daura ce ko ta bayan gidansu, ya san muryarsa tana dawo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa, kuma iya zurfin rijiya iya jinkirin dawowarta. Abin da ake gogawa a cikin mace haka yake yi: ya saki ɗan guntun sauti, ya yi shiru ya saurara. Duk inda sautin ya tsallaka daga wani irin nama zuwa wani, daga ruwa zuwa fata, daga tsoka zuwa ƙashi, wani ɓangarensa zai dawo. Na'urar ta ɗauka cewa sauti yana tafiyar mita 1,540 a sakan cikin naman jiki. Idan amsa ta dawo bayan kashi 130 cikin miliyan na sakan, sai ta lissafa cewa abin yana zurfin santimita 10, ta ɗiga ɗigo a daidai wurin a kan allo. Amsa mai ƙarfi, ɗigo fari. Inda babu amsa, kamar cikin ruwa, baƙi. Tana yin haka sau dubbai a sakan, layi bayan layi, har ɗige-ɗigen su haɗu su zama abin da muke kira hoto.

Wato hoton ba ɗaukarsa aka yi ba, lissafa shi aka yi.

Wannan ya warware abubuwa biyu da mata ke ƙorafi a kai. Man nan mai sanyi da ake lafta wa ciki ba magani ba ne. Idan akwai iska ko 'yar kaɗan tsakanin kan na'urar da fata, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin zai koma tun daga bakin ƙofa, shi ya sa ake cike gurbin da mai. Ruwan da ake cewa a sha a riƙe fitsari a farkon ciki kuwa, cikakkiyar mafitsara tana ture hanji mai iska gefe, sauti ya bi ta cikin ruwan ya isa mahaifa.

Daga tukunyar masana'anta zuwa ɗakin awo

Sauraron abu don a gane cikinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai sayen tulu a kasuwa yana ƙwanƙwasa shi ya ji ko ya tsage. Mai kankana ya buga ta da tafin hannu. Bakanike ya kafa sukundireba a jikin inji ya sa kunne a ƙotar, ya ce maka boris ya tafi.

A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in an matsa su suke fitar da lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar da akasin haka, in an ba su lantarki sai su motsa. Irin wannan abu ne a cikin kan na'urar sikanin, shi ne bakin, shi ne kunnen. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Paul Langevin ya yi amfani da shi wajen neman jiragen ruwa masu nutso. Daga baya masana'antu suka ɗauke shi don gano tsaga a cikin ƙarfe.

A 1955 wani likitan mata a Gilasgo ta Sikotlan, Ian Donald, ya kwashi ƙari da aka cire daga cikin marasa lafiya ya kai wata masana'antar ƙera manyan tukwanen tururi, ya roƙi a gwada masa na'urar duba tsagar ƙarfe a kansu. Ya ga ƙari mai ruwa da ƙari mai tauri amsarsu ta bambanta. Shi da injiniya Tom Brown da likita John MacVicar suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. Na'urar da ake goga wa matanmu yau jikanyar na'urar duba walda ce.

Tsaba da ƙaiƙayi

Amsar da ke dawowa daga ciki ba tsaf take zuwa ba. Tana zuwa a raunane, a cakuɗe da tarkace. Fannin ilimin da ke gyara ta shi ake kira sarrafa sigina. Sigina ita ce duk abin da ke sauyawa da lokaci yana ɗauke da labari: murya, bugun zuciya, rawar inji. Abin da ya shiga cikinta ba a gayyace shi ba kuwa hayaniya ce. Aikin fannin kamar na mai shiƙa ne, a raba tsaba da ƙaiƙayi, sai dai a nan da lissafi ake yi, ba da faifai ba.

Tushen lissafin na wani Bafaranshe ne, Joseph Fourier, wanda a 1822 ya nuna cewa duk wata girgiza mai sarƙaƙiya haɗin girgizoji ne masu sauƙi. Kamar gwanar girki ce da za ta ɗanɗana miya ta ce maka ga daddawa, ga citta, ga masoro, kuma gishiri ya ɗan yi yawa. Matsalar ita ce lissafin yana da tsawo. A 1965 James Cooley da John Tukey a Amurka suka fito da gajeriyar hanya: aikin da zai ci wa kwamfuta lissafi fiye da miliyan ɗaya a kan ma'auni 1,024 ya koma wajen dubu goma. Wannan gajeriyar hanya tana cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita.

A sikanin, na'urar tana ƙara wa amsar da ta dawo a makare ƙarfi, saboda ta fito daga nesa ta gaji. Tana tace wasu kaɗawar ta zubar. Kuma akwai maɓallan da mai aikin yake juyawa da hannunsa, ya ƙara haske, ya sauya zurfi, ya zaɓi kan da zai ɗauka. Ko zaɓen kan ma ciniki ne. Sauti mai yawan kaɗawa yana fito da ƙananan abubuwa tsaf amma ba ya nisa, mai ƙarancin kaɗawa yana nisa amma hotonsa dishi-dishi. Ka lura in ana biki a wata unguwa, dum-dum ɗin ganga ne kawai ke iso maka, muryar mawaƙin ta maƙale a hanya. Shi ya sa hoton mace mai jiki ya fi wahalar fita. Ƙashi kuma yana tare sauti ya bar inuwa a bayansa, iskar hanji ma haka.

'Yar ƙaramar na'urar da malamar awo ke ɗorawa a ji fat-fat-fat ma tana da nata sirrin. Abin da ake ji ba sautin zuciyar jaririn ba ne kai tsaye. Ka san yadda ƙarar babur ke sirancewa in ya nufo ka, ta yi kauri in ya wuce. Christian Doppler ɗan Ostiriya ya bayyana dalilin a 1842. Sautin da ya bugi abu mai motsi yana dawowa da ɗan canji, sai na'urar ta fitar da wannan bambancin ta lasifika. Zuciyar ɗan tayi tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, ta uwa ba ta kai haka ba in tana hutawa. Wanda bai ƙware ba yana iya kama jijiyar uwar ya ɗauka ta ɗan ce. Don haka macen da ta ji motsin ɗanta ya ragu, asibiti za ta nufa, kada ta tsaya ga wata na'ura da aka saya a intanet.

To me ya sa ranar haihuwa ke kucewa?

Na'urar ba ta san ranar da ciki ya shiga ba. Tsawo take aunawa. A farkon ciki ana auna ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai. Daga baya a auna faɗin kai da kewayensa, da kewayen ciki, da tsawon ƙashin cinya. Sai kwamfutar ta kwatanta da jadawalin da aka tara daga awon 'yan tayi masu yawa, ta ce mai wannan girman yawanci sati kaza yake.

Manomi zai fi kowa gane raunin wannan. Geron da aka shuka rana ɗaya, in ya tsiro duk kai ɗaya yake, ka kalle shi ka faɗi kwanansa. Amma ka dawo a watan Agusta, wani ya fi ka tsawo wani ko ƙugunka bai kai ba, alhali ranar shukarsu ɗaya. Ɗan tayi ma haka. A wata ukun farko kusan duk girmansu ɗaya, kuskuren awo bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. A wata ukun ƙarshe kuwa gado da abinci da lafiyar uwa sun riga sun raba su, kuskuren kan kai sati uku gaba ko baya.

Na ce a miƙo mani takardar mai jegon. An yi sikanin ne cikin yana sati 33 a lissafin na'urar, shi ne kuma na farko da aka taɓa yi mata. A gefen adadin satin, da ƙananan baƙaƙe, ga alamar tarawa da ɗebewa da lamba 3. Takardar da kanta ta faɗi cewa tana iya kucewa da sati uku. Babu wanda ya karanta mata wurin, ita kuma ranar kawai ta riƙe.

Ko da awon ya yi daidai, sati 40 tsaka-tsaki ne kawai. Haihuwa daga sati 37 zuwa wajen 42 duk ana ganinta, kuma wajen jariri ɗaya cikin 20 ne ke zuwa a ainihin ranar da aka rubuta. Nauyi ma ƙiyasi ne daga waɗancan tsaye-tsaye, kuskuren kashi 10 cikin 100 ba abin mamaki ba ne, ɗan kilo 3 ya fito 2.7 ko 3.3 a takarda. Batun namiji ko mace kuwa ba na'urar ke yankewa ba, idon mai duba ne. Kafin wata huɗu zuwa biyar abin bai gama bayyana ba, kuma ko bayan nan ɗa yana iya haɗe ƙafa, ko igiyar cibiya ta faɗo tsakanin cinyoyi ta ruɗi mai gaggawa.

Wasu sukan kawo ayar ƙarshen Suratu Luƙman, cewa Allah ne Ya san abin da ke cikin mahaifu. Malamai da dama sun yi bayanin cewa wannan sani ya haɗa da arziki da ajali da makomar mutum, abubuwan da babu amsa-kuwwar da za ta dawo da su. Fagensu ne, na bar musu.

Yana dafa jariri?

A nan mutane suna haɗa sikanin da hoton ƙashi. Hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yana amfani da wani haske mai ratsa jiki da ke iya taɓa ƙwayoyin halitta, shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a yi mata. Sikanin ba ya cikin wannan dangi. An shafe fiye da shekara 60 ana amfani da shi, ba a tabbatar da wata illa ga jarirai ba a ƙarfin da ake dubawa da shi.

Sai dai ba zan ce jita-jitar ba ta da ko ƙwayar gaskiya ba. Sauti ƙarfi ne, kuma yana iya ɗumama nama. Tun 1980 a birnin Munik na Jamus aka fara fasa tsakuwar ƙoda da bugun sauti ba tare da tiyata ba, yau kuma akwai na'urorin da ke tattara sauti wuri ɗaya su ƙona ƙari. Amma tazarar ƙarfin waɗannan da na sikanin awo kamar ta wutar maƙera ce da ɗumin tafin hannu. Na'urorin zamani suna nuna ma'aunin ɗumi a gefen allo don mai aiki ya kiyaye, ƙa'idar aikin kuma ita ce a duba iya buƙata a ɗaga hannu. Zuwa duk wata don a ga ɗa yana wasa ba ya cikin buƙata, kuɗi ne kawai ke tafiya.

Dangin sikanin da muke zaune da su

Wannan ilimi bai tsaya a ɗakin awo ba. Na'urar awon zuciya tana kama lantarkin da zuciya ke fitarwa, wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt kawai, alhali wutar da ke bango tana kaɗawa sau 50 a sakan tana kutsawa cikin wayoyin. Sai an sa matacin da zai zare kaɗawa 50 ɗin nan kaɗai, in ba haka ba zanen ya fito da gashi-gashi.

Akwai kuma ɗaya rabin fannin, wato na'urar da ke aunawa ta kuma gyara da kanta, kamar sitabilaiza da ke jin wuta ta sauka ta ɗaga ta. A shekarun 1930 wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi rajistar dabarar kashe ƙara da ƙara: ka saurari sauti, ka fitar da kishiyarsa, inda wancan ya tura iska wannan ya ja, su cinye juna. Kayan zamaninsa ba su da saurin yin haka. Cibiyar Binciken Sauti da Girgiza ta Jami'ar Southampton a Ingila, wadda aka kafa a 1963, tana cikin waɗanda suka mai da dabarar aiki, har suka gwada ta a cikin jirgin sama mai farfela a ƙarshen shekarun 1980. Ita ce yau a cikin abin kunnen da matasa ke sawa ƙarar mota ta ɗauke.

Wani abokina ya taɓa tambayata, to me ya hana a yi wa janareta? Wurin da shirun ke samuwa ƙarami ne. Ga sauti mai kaɗawa 100 a sakan bai kai kamu ɗaya ba, ga mai kaɗawa 1,000 kuwa faɗin yatsu biyu ne. Ramin kunne ya shiga, tsakar gida bai shiga ba. Maganin janareta har yanzu shi ne tsohuwar taya a ƙarƙashinsa don kada ya girgiza daɓe, da nesanta shi, a waje inda iska ke bi, don hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Masu injin niƙa da masu walda su ne na fi tausayawa. Ƙa'idar da ake bi a wuraren aiki da yawa ita ce ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) kada ta wuce awa 8 a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ƙananan gasun cikin kunne da ƙara ke kashewa ba sa sake tsirowa, kuma siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su sa da sha da tsa. Shi ya sa dattijo zai ce maka yana jin magana amma ba ya ganewa. Na'urar ji ta gaskiya sai an auna kunne an saita ta, ta ɗaga sautukan da suka ɓace kaɗai. Ta kasuwa mai araha komai take ɗagawa, har da ƙarar Keke Napep.

Abin da ya shafi mai ciki da mijinta

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, a kuma yi mata sikanin sau ɗaya kafin sati 24. Likita na iya neman ƙari in ya ga dalili. A nan al'adarmu ke karo da lissafi. Ana ɓoye ƙaramin ciki, musamman na fari, saboda kunya da gudun baki, sai ya fito fili a fara awo. Wato lokacin da na'urar ta fi iya faɗin gaskiya game da kwanaki, lokacin ne muke gida.

A ganina rigimar namiji ko mace ta janye hankalinmu daga abin da sikanin ya fi amfani a kai. Yana nuna ko tagwaye ne. Yana nuna ko cikin ya zauna a wajen mahaifa, abin da kan fashe ya zubar da jini a ɓoye. Yana nuna ko mabiyiya ta sauko ta tare ƙofa, ko ɗa ya kwanta a gicciye gab da haihuwa. Ga matar da ke cikin birni kusa da Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa, wannan labari ne mai amfani. Ga wadda ke wani ƙauye a Batsari ko Baure, inda neman mota da tsakar dare aiki ne babba, shi ne zai sa a matso da ita kusa da inda ake tiyata tun naƙuda ba ta fara ba.

Abin da ya fi damuna ba na'urar ba ce, hannun da ke riƙe da ita ne. Na'urori sun yi araha, har akwai masu haɗuwa da waya, shagunan sikanin kuma sai ƙaruwa suke. Amma wanda ya karkata kan na'urar kaɗan ya yanko kan jariri a karkace, ko ya ɗora alamar awo a inda bai dace ba, zai samu lamba, kwamfutar kuma za ta buga masa ita tsaf cikin kyakkyawar takarda ba tare da ta yi gardama ba. Ba rashin kunya ba ne miji ko mai cikin su tambayi ko mai duban ya samu horo a kan aikin, a tambayi sati nawa ne kuskuren wannan awon, a kuma kai takardar wurin malaman awo maimakon a karanta ta a gida. In an yi na farko da wuri, a adana shi. Ranar da ya bayar ita ake riƙewa, na baya ba sa goge ta.

Da na gama yi wa Goggo bayanin geron, sai ta karɓi takardar ta nesanta ta da ido, tana neman lamba ukun da na ce.

"Wannan ɗan mitsitsin?" ta ce. "To ai da sun rubuta shi da girma."